Ina karanta Ingilishi ina ganewa, amma a fim ba na jin komai. Yaya zan yi?

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina gaida manya da ƙanana. Wata matsala ce ta daɗe tana cin raina, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa in dace da wanda ya san maganinta.

Ni a nan Damagaram nake. Bayan bak, wato jarrabawar gama sakandare, wutar lantarki na karanta, yanzu kuma ina haɗa wa mutane sola a gidaje da shaguna. Ingilishi tun ajin farko na kolaji muke yin shi kamar kowa, kuma maki mai kyau nake samu. Takardun da ke zuwa cikin kwalin inbata da batura duk da Ingilishi suke, ina karantawa ina ganewa, in kalma ta gagare ni in duba ƙamus a salula. Kunne ne babu. Kwanakin baya wani kamfani da ke neman masu aikin sola ya kira ni ta waya don gwaji. Mutumin ya yi tambaya, na ce ya maimaita, ya maimaita, har ya gaji ya turo mini ita a rubuce. Da na karanta sai na ga babu kalma ɗaya a ciki da ban sani ba. Tambaya ce kan yadda nake auna girman batir ɗin da gida ke buƙata, abin da nake yi kullum. Aikin bai samu ba, kuma har yau abin na tsaye mini a rai.

An ce mini kallon fim yana buɗe kunne. To a fadarmu bayan isha'i ana dafa shayi ana kallo, kuma na daɗe ina zama. Sai dai yawancin fina-finan Amurka da muke samu an juya muryar zuwa Faransanci. Waɗanda ke da muryar asali kuma rubutun ƙasa na Faransanci ne, idona can yake tafiya, fim ya ƙare na san labarin kaf amma ban riƙe jimla ko ɗaya ba.

Shin da gaske ana koyo ta fim, ko faɗa ce kawai? In ana koyo, wane irin fim, kuma da rubutun ƙasa ko babu? Kalmomin da nake tsinta kuma yaya zan yi su zauna? Ku yi la'akari da cewa data tana da tsada, wuta kuma kun san halinta in zafi ya shigo. Allah ya saka da alheri.

Mushe Na Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni Ingilishi nake koyarwa a kolaji, kuma abin da ka faɗa shi nake gani a aji kowace shekara. Laifin ba na kanka ba ne. Ta ido aka koya maka harshen, kunnenka bai taɓa samun rabonsa ba. Aji cike da yara, awa kaɗan a mako, babu abin sauraro sai muryar malami, malamin kuma yana rarrabe kalmomi ɗaya bayan ɗaya don kowa ya bi. Wanda aka haifa cikin harshen ba haka yake magana ba.

Akwai gwajin da nake yi wa ƴan ajin ƙarshe. In rubuta "What are you going to do?" a allo, kowa ya ɗaga hannu, kowa ya sani. In goge, in kunna musu ƴar sifika su ji Ba'amurke ya faɗi jimlar nan a fim, sai aji ya yi tsit. Abin da ya fito daga bakinsa ya fi kama da "wacca gana du". Kalma shida sun dunƙule, uku daga ciki sun kusa ɓacewa. Dalili shi ne Ingilishi yana danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi ya haɗiye na tsakaninsu. Faransanci da muka saba da shi yana ba kowace gaɓa kusan lokacinta, Hausa kuma ba ta cinye wasali haka. Kunnenka yana jiran ya ji kowace gaɓa a tsaye, ita kuwa ba za ta zo ba. Wannan shi ne ainihin abin da fim ke gyarawa, kuma littafi ba zai taɓa gyara shi ba.

Amma zaman fada ba karatu ba ne, ka raba biyun. Ka ci gaba da shan shayinka da abokai, karatun kuwa kai kaɗai za ka yi shi, da abin kunne a kunnenka.

Ga yadda nake ba ɗalibaina shawara. Kada ka ɗauki fim na awa biyu. Ka yanki wuri ɗaya, minti uku ko huɗu, inda mutum biyu ke zaune suna magana. Ka kalle shi babu rubutu ko kaɗan, ka ga me ka kama. Ka sake. Sannan ka ɗauki biro ka rubuta abin da kake ji, jimla jimla, kana tsayarwa kana mayarwa baya, inda ka kasa ka bar fili. Sai bayan ka yi iyakar ƙoƙarinka za ka kunna rubutun ƙasa na Ingilishi ka gwada da naka. Filayen da ka bari su ne darasinka na ranar. Za ka ga mafi yawansu ba baƙin kalmomi ba ne, ƙananan kalmomi ne da ka sani tun kana yaro, irin su "have" da "would" da "to", waɗanda aka haɗiye. Ka mayar da wurin ka saurara har kunnenka ya yarda cewa lallai suna ciki. Daga nan ka kashe rubutun, ka riƙa faɗin jimlar tare da ɗan wasan, da saurinsa da hawa da saukar muryarsa. Abin da bakinka ya iya faɗa, kunnenka ba ya ƙara rasa shi. Rabin awa ya ishe ka, amma ya zama kullum.

Rubutun Faransanci kuwa ka rabu da shi lokacin karatu. Idonka ya fi kunnenka sauri nesa ba kusa ba, da zarar ya samu ma'anar kai ya daina wahalar sauraro. Kuma rubutun ƙasa layi biyu ne kacal, dole mai fassara ya taƙaita, don haka abin da kake karantawa ba shi ne aka faɗa ba. In labarin ya sha maka kai, ka kalli fim ɗin gaba ɗaya sau ɗaya da Faransancin don ka san inda aka dosa, sannan ka koma aiki da Ingilishi zalla.

Batun kalmomi. A 2009 wasu masu bincike biyu, Stuart Webb da Michael Rodgers, sun tattara maganganun fina-finai 318 suka ƙirga. Sun gano cewa wanda ya san kalmomi 3,000 da aka fi amfani da su, kowace da danginta, ya san kusan 95 cikin 100 na abin da ake faɗa a fim, in aka haɗa da sunayen mutane da wurare. Kafin ya kai 98 cikin 100 sai ya san wajen 6,000. Ka lura, ko a 95 ɗin, cikin kowace kalma ashirin ɗaya baƙuwa ce. Shi ya sa wanda bai da tushe in ya zauna gaban fim ba ya ƙaruwa da komai. Kai da ke karanta takardun inbata ina kyautata zaton kana da tushen. Kuma mu ƴan Nijar muna da wata riba da ba mu cika lura da ita ba. Tun da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya yi ƙarnuka yana zuba kalmomi cikin Ingilishi. Manyan kalmomin ofis da kotu da kimiyya da yawansu ka riga ka san su, furucin ne kawai ya sauya. Waɗanda za su ba ka wuya su ne gajerun na yau da kullum, musamman aikatau da ake liƙa wa ƴar ƙaramar kalma ma'ana ta juye, kamar "give up" da "put off". Fim cike yake da su.

Kada ka rubuta kalma ita kaɗai da fassararta a gefe. Ka rubuta jimlar gaba ɗaya, da wanda ya faɗe ta da halin da yake ciki. Biyar a rana sun isa. Ka duba su washegari, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan mako. In kana son salula ta riƙa tuna maka, akwai AnkiDroid, kyauta ce a Android kuma tana aiki babu intanet.

Ka dage ƙanena. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Irin kiran da aka yi maka ba shi ne na ƙarshe ba.

Maman Nana ta amsa:

Mushe ya gama magana kan hanya, Allah ya ƙara basira. Ni dai wurare uku nake so in ja hankali, don bai taɓo su ba. Na farko: Ingilishin wa kake so ka ji?

Ƙanena, wanda ya kira ka ɗin nan, ɗan ina ne? Ina tambaya ne don ni a Najeriya na yi karatun jinya. Kafin in tafi na sha kallon fina-finan Amurka, ina ganin na shirya. Ranar da aka fara kai mu ɗakin marasa lafiya, babbar nas ɗin, wata dattijuwa daga kudu, ta tsaya bakin gado tana ba mu umarni kan awon zafin jiki da lokacin magani, ni kuwa ina riƙe da takarda ban rubuta komai ba. Muryarta daban, inda take danna kalma daban, ga saurinta. Wata ƴar Kano da ke gefena ce ta riƙa raɗa mini da Hausa. Da na koma kallon fina-finan kudancin Najeriya, cikin ƴan watanni kunnena ya saba.

Mu a Damagaram wa muke haɗuwa da shi? Ƴan Najeriya masu sayar da kayan gyaran mota da na wuta, ƴan Ghana, Sinawa irin na matatar mai ta SORAZ, Indiyawa, sai ma'aikatan ƙungiyoyi da suka fito daga ƙasashe daban daban. Kai da kayan aikinka da yawa ta Kano suke shigowa, Ba'amurke shi ne na ƙarshe da za ka yi ciniki da shi. Ban ce ka bar na Amurka ba, amma ka raba lokacinka. Na Najeriya suna da wani sauƙi kuma: rayuwar da ke ciki ka santa. Rikicin gado, uwar miji da matar ɗa, wanda ya ci bashi ya ɓuya. Tun kafin a buɗe baki ka san abin da za a ce, sai hankalinka ya tafi kan yadda aka faɗa. Sai dai ka bambance inda ake Ingilishi da inda aka koma Pidgin, kada ka kwashi na biyun ka kai wurin neman aiki.

Na biyu, fim mai dogon zango ya fi fim guda. Mutanen ba sa sauyawa, muryoyinsu ba sa sauyawa, kalmomin ma su ne ke dawowa. Kashi na farko da wuya, kafin ka kai na goma ka san yadda kowa ke magana. Ka nemi na iyali ko na ofis ko na asibiti. Na faɗa da harbe-harbe ɓata lokaci ne, ƙara ta fi magana yawa, maganar ma rabinta ihu ne.

Na uku, kuma wannan da gaske nake. Fina-finan nan akwai ashar a ciki da yawa, kuma ita ce ke saurin zama a baki don ana maimaita ta da ƙarfi. Na taɓa jin wani yaro a asibiti ya faɗa wa baƙon likita wata kalma da ya tsinta a fim, yana murmushi, bai san nauyinta ba. Duk jimlar da za ka ɗauka ka duba wa aka faɗa wa, abokin wasa ne ko babba. Sannan akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Ni da nake kallo yara na kewaye da ni, fina-finan zane na yara na fi sawa. Kada ka raina su. Masu muryar suna fitar da kalma tsaf, labarin a bayyane yake, kuma ba ka fargabar wanda zai shigo ɗaki.

Mai Turi Kasuwar Dole ya amsa:

Maigida, ni tura fina-finai ce sana'ata, bari in ba ka na wajena. In ka je wurin mai turi ka duba sunan fayil ɗin kafin ya saka maka. Wanda aka rubuta VF ko TRUEFRENCH muryar Faransanci ce kaɗai, ba zai yi maka amfani ba. VOSTFR muryar asali ce da rubutun Faransanci, wani a manne yake da hoton ba ya kashewa. Ka ce MULTI kake so, shi ne mai murya biyu a ciki, ka zaɓi wadda kake so. Mu ba mu cika ajiye su ba don ba a tambaya, amma in ka yi magana za a nemo.

Ka sa VLC, manhajar kallon fim, a salularka. A ciki za ka iya sauya murya, ka rage sauri zuwa 0.75, kuma akwai maimaita A zuwa B: ka sa alama a farkon jimla da ƙarshenta, ta yi ta juyawa har ka gaji. Daidai aikin da Mushe ya ce. Rubutun ƙasa ɗan ƙaramin fayil ne mai ƙarewa da srt, bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Ka ba shi suna iri ɗaya da fim ɗin, ka ajiye su wuri ɗaya, zai hau da kansa. In rubutun ya riga magana ko ya makara, akwai wurin daidaita shi. Ka fi neman wanda aka sa wa SDH, don kurame aka yi shi, ya fi bin maganar kusa da kusa.

Kada ka nemi hoto mai nauyi, 480p ya ishi salula kuma ba ya cin wuri. Sauti ne abin nemanka. Wuta kuwa, kai da ke haɗa wa mutane sola ba sai na ce komai ba.

Alhaji Na Birni ya amsa:

Ɗana, ni ban iya Ingilishi sosai ba, amma akwai abin da na gani da idona. Lokacin da muke samari ana zuwa silima, fim ɗin Indiya babu fassara, babu rubutu. Akwai mutane a garin nan da ba su taɓa shiga lakwal ba, amma in jarumi ya buɗe baki su gaya maka abin da ya ce, wasu har su amsa masa. Ba wata dabara suka yi ba. Fim ɗaya ake dawo da shi a yi ta nunawa, su kuma ba sa gajiya da shi, har suka haddace. Yanzu da ake juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, yaran da ke kallo dare da rana ba su san ko gaisuwa da Indiyanci ba. Ku kuma kati ɗaya fim ɗari, kowanne a kalle shi sau ɗaya a goge. Ka zaɓi guda wanda ranka ke so ka zauna a kansa.

Kuma kada ka manta da rediyo. Mu da shi muka san duniya.

Ɗan Garin Malam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji, na ji kuma zan riƙe. Yaya Maman Nana, tambayarki ta sa na yi tunani. Mutumin da ya kira ni ba Bature ba ne, daga muryarsa ina jin ɗan gabashin Afirka ne. Zan haɗa da na Najeriya kamar yadda kika ce.

Mushe, jiya da dare na gwada. Na samu wani mai dogon zango na iyali, na yanki inda uba ke yi wa ɗansa faɗa a kan mota. Da farko kalmomi warwatse kawai na kama. Da na rubuta na gwada da rubutun ƙasa, filayen da na bari sun kusa rabin shafi, kuma kamar yadda kuka ce, kusan duk kalmomin na san su. Da na rage sauri zuwa 0.75 sai na ji su fes. Tambayata, in ci gaba da rage saurin ko zai ɓata mini kunne? Kuma wannan zai taimaka mini a waya, inda ba na ganin bakin mai magana?

Mushe Na Sabon Gari ya amsa:

Madalla ƙanena, rabin shafi a daren farko ba abin damuwa ba ne. Ka adana takardar, ka sa mata kwanan wata, bayan wata guda ka yi wani yankin da ba ka taɓa gani ba ka gwada su.

Rage sauri ka yi shi a jimlar da ta gagare ka kawai. Da ka ji ta, ka mayar da saurin daidai ka sake saurara, kuma kullum ka rufe zaman da saurin asali. Ƙasa da 0.75 kada ka sauka, murya tana lalacewa.

Batun waya gaskiyarka ne, fim yana taimakon kunne da fuska da hannu, waya kuwa babu. Yankin da ka gama aiki a kansa, ka kifa salular ka saurare shi babu hoto, ko ka sa shi a kunne kana aiki a inda babu haɗari. Nan ne maganar Alhaji ta rediyo ta shigo. BBC suna da shiri mai suna 6 Minute English, mutum biyu suna hira minti shida, da rubutun hirar gaba ɗaya, kuma sauti ne zalla, ba ya cin data sosai. Muryar Amurka ma tun 1959 suka fara shirin Ingilishi mai sauƙi, a hankali, da kalmomi wajen 1,500, darussansu da yawa suna YouTube. In wannan ya yi maka sauƙi ka wuce shi.

Sai abu ɗaya da fim ɗin iyali ba zai ba ka ba, wato kalmomin sana'arka. A YouTube akwai masu haɗa sola daga Kenya da Najeriya da Indiya da ke nuna aikinsu suna bayani da Ingilishi. Ka saukar da biyu ko uku, ka yi musu irin aikin da ka yi wa fim ɗin. Sannan ka ɗauki tambayar nan da aka turo maka ta auna batir, ka amsa ta da baki, ka naɗi muryarka a salula ka turo mini in ji.